Ronaldo na Brazil: me ya sa manya ke girmama ɗan wasan da bai taɓa ɗaukar kofin zakarun Turai ba?

Tambayarka ta iso ni, ƙanena. Ka ce kai ka buɗe ido ne a zamanin Messi da Cristiano, kuma duk sanda musu ya kaure a gidan kallo sai wani babba ya ce ai ku yara ba ku ga Ronaldo na asali ba. Ka je ka duba tarihinsa, ka tarar bai taɓa ɗaukar kofin zakarun Turai ba, lig ɗaya ya ci a duk zamansa na Turai, kuma hotunansa da ka fi gani na wani mai jiki ne sanye da rigar Real Madrid. Shi ne kake so a faɗa maka gaskiya: zuzutawa ce irin ta manya, ko kuwa da gaske ya kai yadda ake faɗa?

Abin da ka gano duk gaskiya ne, ba zan musa maka ko ɗaya ba. Inda lissafinka ya samu giɓi shi ne ka ɗauki Ronaldo a matsayin ɗan wasa ɗaya, alhali biyu ne. Akwai wanda ya taka leda daga 1993 zuwa ƙarshen 1999, sannan akwai wanda ya dawo a 2002 da gwiwar da likitoci suka ɗinke sau biyu. Manyan da kake ji suna rantsuwa da shi, na farkon suke nufi. Kai kuma na biyun ka gani. Shi ma na biyun ya ci kofin duniya ya karɓi Ballon d'Or, amma bai kai rabin abin tsoron da na farkon yake ba.

Sunansa Ronaldo Luís Nazário de Lima, an haife shi a watan Satumba na 1976, ya taso a Bento Ribeiro, wata unguwar talakawa a gefen birnin Rio de Janeiro. Ƙwallon cikin ɗaki ya fara bugawa, wadda ake yi mutum biyar biyar a ɗan ƙaramin fili mai daɓe. Ka riƙe wannan, domin duk abin da ya yi daga baya yana da tushe a can. A irin wannan fili babu sararin da za ka ja ƙafa baya ka ɗirka, dole ka koyi taka ƙwallo da tafin takalmi, ka juya cikin taki ɗaya, ka caka ta da tsinin ƙafa kafin gola ya shirya. Daga nan ya shiga São Cristóvão, ƙaramin kulob a Rio, sannan Cruzeiro ta birnin Belo Horizonte ta ɗauke shi. Ya fara buga wa manyanta a 1993 yana ɗan shekara 16. Ƙwallo 44 ya ci mata a wasa 47, har da guda biyar da ya zura wa Bahia a wasa ɗaya. A watan Maris na 1994 ya fara saka rigar Brazil a wasa da Ajantina, kuma a bazarar shekarar aka tafi da shi gasar kofin duniya a Amurka. Bai buga ko minti ɗaya ba, Romário da Bebeto ne ke gaba, amma ya dawo gida da lambar zinare yana ɗan shekara 17.

PSV ta Holan ce ta kawo shi Turai, hanyar da Romário ya bi kafin shi. A kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 30 a lig, shi ne ya fi kowa. Yaro ne da bai iya yaren ƙasar ba, bai saba da sanyinta ba, amma bai ɓata lokacin sabo ba. A kaka ta biyu gwiwarsa ta fara ba shi matsala har aka yi masa aiki, ya rasa watanni. Mutane na mantawa da wannan, suna ɗauka ciwon ya faro ne a Italiya. Tun yana ɗan shekara 19 gwiwar ta fara gargaɗi. Duk da haka ya bar PSV da ƙwallo 54 a kaka biyu.

Mu a nan mun haɗu da shi a wani wuri da ba za mu manta ba, wato gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. A lokacin ma rigarsa Ronaldinho aka rubuta, saboda akwai wani Ronaldo da ya girme shi a tawagar. A wasan rukuni Brazil ta ci Najeriya 1-0, kuma shi ya ci ƙwallon. Aka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, Brazil tana gaba da ci 3-1, Ikpeba ya farke ɗaya, Kanu ya rama a mintin ƙarshe, sannan ya ci ta zinare, aka tashi 4-3. Tawagar nan akwai su Garba Lawal da Tijjani Babangida da Amokachi da Babayaro. Brazil ta ƙare da tagulla. Shekara ɗaya bayan haka Ronaldo da Kanu da Taribo West suka zama 'yan kulob ɗaya a Inter.

Kafin nan akwai Barcelona, kuma a nan nake so ka tsaya ka nutsu. Bobby Robson ne koci, shi ya matsa aka biya dala miliyan 19.5, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba a lokacin. Kaka ɗaya rak Ronaldo ya yi a can, 1996 zuwa 1997, ya ci ƙwallo 47 a wasa 49, 34 daga ciki a La Liga. Yau da kuka saba ganin ana cin 50 a kaka za ka ce ba wani abu ba ne, amma a wancan zamani wanda ya ci 25 ma sarki ne. Kuma ba yawan ne abin ba, yadda yake cin su ne. Nemi wasansu da Compostela na watan Oktoba 1996. Ya ƙwato ƙwallo a wajen layin tsakiya, wani ya cafke masa riga ta baya yana ja, yana kai masa ƙafa, Ronaldo bai faɗi ba, bai ɗaga hannu neman rafali ba, sai ya ja mutumin har ya sake shi. Ya nausa da gudu, 'yan baya biyu suka rufo shi a bakin da'irar gola, ya bi ta tsakaninsu yana sauya ƙwallon daga wannan ƙafa zuwa waccan, ƙwallon ta ɗan maƙale a bayansa, ya jawo ta, ya juya ya sheƙa ta raga. Kyamara ta koma kan Robson, dattijon da ya horar da Ingila shekara takwas, ya ɗora hannu biyu a ka. Shekarar Ronaldo 20 a ranar.

Abin da ya bambanta shi, ta fuskar wanda ya san horar da 'yan gaba, shi ne haɗuwar abubuwa uku da ba su cika zama a jiki ɗaya ba. Mai gudu sosai yawanci sai ya tura ƙwallo gaba ya bi ta, domin ƙafarsa ba ta iya sarrafa ta cikin wannan gudun. Gwanin yanka yawanci sai ya rage gudu kafin ya yi yankan. Ƙaƙƙarfa mai ƙirji kuma yawanci ba ya iya juyawa da sauri. Ronaldo yana yanka ne yana cikin cikakken gudunsa, ƙwallo na manne da ƙafarsa, kuma in ka kai masa kafaɗa kai za ka faɗi. Ƙafar hagu da ta dama duk ɗaya ne a wajensa. Kafin shi, mai lamba tara mutum ne da ke tsaye a da'ira yana jiran a kawo masa. Shi kuwa yakan sauko har tsakiya ya karɓa, ya juyo ya fuskanci 'yan baya huɗu shi kaɗai. Duk wani ɗan gaba mai gudu da yanka da ka gani daga baya, daga Henry har Mbappé, a kan hanyar da ya share yake tafiya. Sai kuma yadda yake yi da gola in sun rage su biyu. Ba ya gaggawar bugawa. Yakan tsallaka ƙafa ta kan ƙwallon, ya karkata jiki, ya jira gola ya kwanta, sannan ya kewaye shi ya gangara ta cikin raga.

A ƙarshen 1996 FIFA ta ba shi gwarzon duniya, Ballon d'Or kuma ta kuɓuce masa da maki ɗaya, Matthias Sammer na Jamus ya ɗauka. Ya ci wa Barcelona kofin Cup Winners' Cup, gasar Turai ta ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale na ƙasashensu, da fenaritinsa a wasan ƙarshe da PSG. Sai rikicin sabunta kwantiragi ya ɓarke tsakanin wakilansa da shugabannin kulob ɗin, Massimo Moratti, shugaban Inter, ya biya kuɗin fansar kwantiragin, kimanin dala miliyan 27, ya sake kafa tarihin tsada karo na biyu cikin shekara guda. A ganina wannan na cikin manyan asarorin da Barcelona ta taɓa yi, kuma shi ma Ronaldo ya yi asara, don ya bar lig ɗin da ake barin ɗan wasa ya yi wasa ya koma wanda ake farautar ƙafa.

Serie A ta wancan lokaci ita ce lig mafi wuya a duniya. Can ne Maldini da Costacurta da Nesta da Cannavaro da Thuram da Ferrara da Montero suke, kowane mako sai ka haɗu da ɗaya ko biyu daga cikinsu, kuma alƙalan wasa ba sa kare 'yan gaba kamar yanzu. An yi ta cewa a nan za a gane iyakarsa. Ya ci 25 a lig a kakar farko, Italiyawa suka laƙaba masa Il Fenomeno, wato abin al'ajabi, ya karɓi Ballon d'Or ta 1997 yana ɗan shekara 21, ba a taɓa ba mai ƙarancin shekaru irin nasa ba. Kofin lig ɗin ya tsaya tsakanin Inter da Juventus har zuwa wasansu na watan Afrilu 1998 a Turin, inda Mark Iuliano na Juventus ya tare shi da ƙirji a cikin da'ira, rafali Ceccarini ya ce a ci gaba, kuma a harin da ya biyo baya ya ba Juventus fenariti. Juventus ta ci wasan 1-0 ta ɗauki kofin. Har yau magoya bayan Inter ba su huce ba. Bayan kwana goma aka yi wasan ƙarshe na kofin UEFA a Paris, Inter da Lazio. Nesta ne ke gadinsa, kuma Nesta na cikin 'yan baya mafi tsafta da aka taɓa yi, amma ranar ya sha wuya. Ƙwallo ta uku ita ce wadda ake yawan nunawa: Ronaldo ya fita shi da gola Marchegiani, ya girgiza jiki dama da hagu ba tare da ya taɓa ƙwallon ba, golan ya zube, ya wuce shi. Aka tashi 3-0. Taribo West ya samu jan kati a wasan.

Yanzu bari in amsa maka batun kofin zakarun Turai kai tsaye, domin amsar tana cikin shekarun nan da na lissafa. A wancan zamani ba ƙungiya huɗu ke zuwa daga kowace babbar ƙasa ba. Har zuwa 1997 zakaran lig kaɗai ke shiga, sai kuma mai riƙe da kofin. Lokacin da yake PSV, Ajax ce zakara. Lokacin da yake Barcelona, Atlético Madrid ce ta wakilci Sifaniya. Kakarsa ta farko a Inter, kulob ɗin ya ƙare na uku a shekarar da ta gabata, don haka kofin UEFA ya buga. Ka ga kenan duk shekarun da yake kan ganiyarsa sau ɗaya ya shiga gasar, a kakar 1998 zuwa 1999, yana fama da gwiwa, kuma Manchester United ta fitar da su a wasan daf da na kusa da ƙarshe a shekarar da ta ci kofuna uku. Gasannin Turai biyu da ya samu damar bugawa da lafiyarsa a Barcelona da Inter, duk biyun ya ɗauka, kuma ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kowanne. Daga baya kuma rabo ne ya yi ta saɓa masa. Ya je Real Madrid wata uku bayan ta ci kofin a 2002, ba ta sake ci ba sai 2014. Ya koma AC Milan a Janairun 2007, Milan ta ci kofin a watan Mayu, amma doka ta hana shi bugawa saboda ya riga ya buga wa Madrid gasar a kakar.

A ɓangaren ƙasa, 1997 shekara ce mai daɗi. Shi da Romário suka haɗu a gaba, Brazil ta ci Copa América a Bolibiya, sannan ta ci kofin nahiyoyi a Riyadh, inda ta lallasa Ostireliya 6-0 a wasan ƙarshe, kowannensu ya ci uku. Rauni ya hana Romário zuwa Faransa a 1998, nauyin ƙasar gaba ɗaya ya koma kan yaro ɗan shekara 21. Ya ci Maroko ɗaya, Chile biyu, Holan ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe, ya kuma bayar aka ci uku. Shi aka zaɓa gwarzon gasar.

Ranar 12 ga Yuli 1998, bayan cin abincin rana, jikinsa ya kama jijjiga a ɗakinsa na masauki, kamar mai farfaɗiya. Roberto Carlos ne abokin ɗakinsa, shi ya kira mutane. Aka kai shi asibiti a Paris, gwaje-gwaje ba su nuna komai ba. Takardar farko ta 'yan wasa da aka miƙa Edmundo ne a gurbinsa. Ana saura ƙasa da awa ɗaya a take wasa ya iso filin ya ce wa koci Zagallo lafiyarsa ƙalau, zai buga, aka sauya takarda. Ya yi minti 90 yana yawo a fili ba shi ba ne, ya kuma yi mummunan karo da gola Barthez. Zidane ya ci biyu da ka, Petit ya ƙara, 3-0. An yi ta yaɗa cewa kamfanin Nike ne ya tilasta a saka shi, har majalisar dokokin Brazil ta kira shi ya ba da bahasi a binciken da ta yi kan yarjejeniyar kamfanin da hukumar ƙwallon ƙasar, ba a samu hujjar hakan ba, shi ma ya musanta. Ra'ayina dai bai canza ba: bai kamata a bar shi ya buga ba. Ɗan wasa kullum zai ce zai iya, aikin likita da koci ne su ce a'a. Amma ɗora masa laifin rashin kofin zalunci ne. Ƙwallo biyu daga bugun kwana aka ci Brazil, wannan ba aikin mai lamba tara ba ne.

Ya ci Copa América ta 1999 a Paraguay, shi da Rivaldo kowa da ƙwallo biyar. Sai watan Nuwamba na shekarar, a wasa da Lecce, jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsage. Ita wannan jijiya ita ce ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙauri, da ita ake miƙe ƙafa, kuma duk wani tashi da gudu da taka birki da juyawa a kanta nauyin yake sauka. Ka tuna yadda na ce yake wasa: mutum mai kaurin cinya, yana tsayawa cak daga cikakken gudu ya sauya hanya, sau da yawa a kowane wasa. Baiwar tasa ce ke cin gwiwar. Farfesa Gérard Saillant ya yi masa tiyata a Paris, ya yi wata biyar yana jinya.

Ranar 12 ga Afrilu 2000 ya dawo, a wasan ƙarshe na Coppa Italia da Lazio a birnin Rum. Ya shigo daga benci. Bai kai minti bakwai ba ya karɓi ƙwallo ya tunkari 'yan baya, ya fara tsallaka ƙafa kamar yadda ya saba, ba wanda ya taɓa shi, sai ƙafar dama ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Ya faɗi yana riƙe da gwiwar yana ihu, 'yan wasan ƙungiyoyin biyu suka kama kai, wasu suka juya baya don ba za su iya kallo ba. Jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, ƙoƙon gwiwar ya haura sama. Shekararsa 23, kuma ya riga ya ci wa kulob da ƙasa sama da ƙwallo 200. A nan Ronaldo na farko ya ƙare. Duk kakar 2000 zuwa 2001 bai buga ko wasa ɗaya ba, kuma da yawa daga masana sun ce ya gama.

Ya fara dawowa a ƙarshen 2001, yana buga wasa biyu tsoka ta ja, ya koma jinya. A ranar 5 ga Mayu 2002 Inter na buƙatar nasara a wasan ƙarshe na lig ta ɗauki kofi, Lazio ta doke ta 4-2, aka nuno shi a benci yana kuka. Lazio ɗin dai, a filin dai da gwiwarsa ta tsinke.

Brazil ma a lokacin ba ta da lafiya. Da ƙyar ta samu gurbin zuwa Japan da Koriya ta Kudu, kuma Ronaldo bai buga ko wasa ɗaya na neman gurbin ba. Jama'a na ta kiran a tafi da Romário, koci Scolari ya ƙi, ya jingina komai a kan mutumin da ya yi kusan shekara biyu da rabi ba ya wasa a kai a kai. Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa ko da babu Ronaldo na farko, na biyun ya isa a girmama shi. Ya ci Turkiyya, ya ci Sin, ya ci Costa Rica biyu, ya ci Beljiyam. Ingila kaɗai ce bai ci ba. A wasan kusa da na ƙarshe da Turkiyya, yana fama da ciwon cinya, ya shiga tsakanin 'yan baya ya caka ƙwallon da tsinin takalmi, gola Rüştü bai gama shiri ba ta wuce. Wannan ƙwallon cikin ɗaki ce tsantsa, ta yarintarsa. A wasan ne ya fito da askin nan da ya bar ɗan gashi a goshi, wanda daga baya ya ce ya yi ne don 'yan jarida su bar maganar rauninsa.

Kalli wasan ƙarshe da Jamus a Yokohama, 30 ga Yuni, za ka ga yadda ya sake gina wasansa. Kafin ranar ƙwallo ɗaya kawai aka ci golan Jamus Oliver Kahn a duk gasar. A rabin farko Ronaldo ya ɓarar da dama har uku, bai karaya ba. A minti na 67 aka ƙwace masa ƙwallo, ya bi Hamann ya ƙwato ta, ya miƙa wa Rivaldo, kuma maimakon ya tsaya kallo sai ya ruga wajen gola tun kafin a buga. Rivaldo ya ɗirka, ta kuɓuce daga ƙirjin Kahn, Ronaldo na nan. A minti na 79 Kléberson ya turo daga dama, Rivaldo ya buɗe ƙafa ya bar ta ta wuce, Ronaldo ya tare da taɓawa ɗaya, ya ajiye ta can gindin turke. Babu gudun mita arba'in, babu yanke mutum biyar. Sanin inda ƙwallo za ta faɗo ne, da taki uku masu sauri, da sanyin zuciya. Ƙwallo takwas ya ci a gasar, rabon da wani ya kai haka tun Gerd Müller a 1970. Brazil ta ɗauki kofinta na biyar, shi kuma ya karɓi Ballon d'Or ta biyu da gwarzon FIFA karo na uku.

Akwai inda nake ganin laifinsa, kuma tunda gaskiya ka nema sai in faɗa. Inter ta yi kusan shekara uku tana biyansa albashi yana jinya, Moratti ya riƙe shi kamar ɗa. Yana warkewa ya ci kofin duniya sai ya ce shi ba zai iya zama da koci Héctor Cúper ba, ya tafi Real Madrid a ranar ƙarshe ta kasuwar 'yan wasa a kan kimanin Yuro miliyan 45. Ko da yana da hujja a kan Cúper, magoya bayan Inter sun cancanci kaka ɗaya cikakkiya daga gare shi.

A Madrid ya ci ƙwallo kusan minti ɗaya da shigowarsa wasan farko da Alavés. Ya ci 23 a lig suka ɗauki La Liga ta 2003, wadda ita ce lig ɗin da ka gani a tarihinsa. A watan Afrilu na shekarar ya ci uku a Old Trafford, da aka sauya shi magoya bayan Manchester United suka miƙe tsaye suna tafa masa, alhali shi ya fitar da su. A zagaye na gaba rauni ya sa bai fara wasa na biyu da Juventus ba, ya shigo ya samo fenariti, Buffon ya tare bugun Figo. Wannan ce kusantarsa mafi girma da kofin zakarun Turai. Kaka ta gaba ya fi kowa ci a La Liga da 24. Jimilla ya ci wa Madrid 104 a wasa 177. Amma kulob ɗin ya sayar da Makélélé, ɗan tsakiya mai kare 'yan baya, ya tara taurari a gaba ya bar baya a buɗe, shi kuma Ronaldo jiki ya fara nauyi. Ba ya son atisaye, yana son shagalin dare, bai taɓa ɓoyewa ba. A nan Cristiano ya yi masa nisa ƙwarai, kuma duk mai cewa Cristiano ya fi shi tarihi da ɗorewa da yawan kofuna bai yi ƙarya ba. Ni dai abin da nake cewa, ban ga mai lamba tara da ya kai Ronaldo na 1996 zuwa 1998 ba, kafin shi ko bayansa.

A Jamus a 2006 ya iso da ƙiba, aka yi ta sukarsa a wasa biyun farko. Ya ci Japan biyu, sannan a Dortmund, minti biyar da fara wasa da Ghana, Kaká ya zura masa ƙwallo ta tsakiya, ya tsallaka ƙafa, gola Richard Kingson ya kwanta, ya wuce shi. Ita ce ta 15 a gasar kofin duniya, ya karya tarihin Müller. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Accra ba sa son tuna ranar, don Ghana ta taka rawar gani a wasan duk da ta sha 3-0. Faransa ta sake fitar da Brazil a zagaye na gaba. Tarihin nasa ya tsaya har 2014, lokacin da Klose ya ci ta 16 a wasan nan da Jamus ta doke Brazil 7-1, a filin Mineirão na Belo Horizonte, gidan Cruzeiro inda Ronaldo ya fara.

Capello, kocin Madrid a lokacin, bai yi da shi ba, sai Ronaldo ya koma Milan. A watan Fabrairu 2008, a wasa da Livorno, irin jijiyar nan ta tsinke, wannan karon a gwiwar hagu. Sau uku kenan. Yana ɗan shekara 31, da dukiyarsa da sunansa, babu wanda zai zarge shi in ya ajiye takalmi. Ya sake yin shekara guda yana jinya, ya yi atisaye a Flamengo, kulob ɗin da yake so tun yana yaro, amma ya sa hannu a Corinthians, abin da magoya bayan Flamengo suka ɗauka cin amana. Ƙwallonsa ta farko da ka ya ci ta, a mintunan ƙarshe na wasan hamayya da Palmeiras a watan Maris 2009, ya ruga ya haye shingen 'yan kallo har shingen ya karye. A wasan ƙarshe na gasar jihar São Paulo ya ɗaga wa golan Santos ƙwallo ta saman kai daga wajen da'ira, a gidan Santos. Shekarar suka ci kofin jihar da Copa do Brasil.

Bayan Deportes Tolima ta Kolombiya ta fitar da Corinthians daga Copa Libertadores, ya kira 'yan jarida ranar 14 ga Fabrairu 2011 ya ce ya daina, yana ɗan shekara 34. A nan ne ya bayyana cewa tun yana Milan aka gano yana da cutar da ke rage aikin wani ƙullin maƙogwaro mai sarrafa yadda jiki ke ƙona abinci, wadda ke sa ƙiba, bayan shekarun da aka yi ana masa dariyar jiki. Ya ce kansa na son ci gaba amma jikinsa ya ƙi. A watan Yuni aka shirya masa wasan bankwana da Romaniya a São Paulo, ya buga kusan minti 15. Ya tashi da wasa 98 da ƙwallo 62 a rigar Brazil.

In za ka duba da kanka, kada ka tsaya a guntayen bidiyon ƙwallayensa, domin su kowa nasa na da kyau. Nemi cikakken wasa guda biyu: na Inter da Spartak Moscow a Rasha a watan Afrilu 1998, wanda aka buga a fili mai caɓi ya ci biyu, da wasan ƙarshe da Lazio a Paris. Ka riƙa kallon 'yan bayan, ba shi ba. Duba yadda suke ja da baya tun yana layin tsakiya, da yawan mutanen da ake tura masa duk sanda ya juyo da ƙwallo.